Daga Gardi Zuwa Ɗan TP: Tarihin Koyon Riƙe Aji

Kowace shekara kwalejojin ilimi da jami'o'in Nijeriya kan rarraba dubban ɗalibansu zuwa makarantun firamare da na sakandare domin koyarwar gwaji, wadda aka fi sani da TP. Ɗalibi kan isa makarantar da aka tura shi da littafin tsara darasi, da kwalayen da ya kwana yana zanawa, da manufofin darasin da ya haddace tsaf. Abin da zai fi ba shi wuya kuwa ba a rubuce yake cikin littafin ba, wato yadda zai sa yara 70 ko 80 su natsu, su saurara, su kama aiki, su kuma ci gaba da shi har a kaɗa ƙararrawa. In wannan ya gagara, sauran shirin duk ya tashi a banza, domin darasin da ba a ji ba daidai yake da wanda ba a koyar ba.

Damuwar ba ta tsaya a Nijeriya ba. A 1984 wani masanin ilimi ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara sakamakon bincike 83 da aka gudanar a ƙasashe daban-daban kan abubuwan da sababbin malamai ke kuka da su. Ladabtar da aji ce ta zo ta farko, sannan zaburar da ɗalibai, sannan kula da bambancin fahimtarsu. Koyarwa dai tsohuwar sana'a ce, amma riƙe aji bai kai ta tsufa ba, domin shi kansa ajin, wato malami ɗaya a gaban yara masu yawa suna darasi ɗaya a lokaci ɗaya, sai a ƙarni na 19 ya zama ruwan dare a makarantun talakawa. Tun daga lokacin ake ta sauya ra'ayi kan yadda za a koya wa sabon malami wannan aiki, kuma kowane sauyi ya bar sawunsa a makarantun ƙasar Hausa.

Makarantar da ba ta da aji

A makarantar allo babu aji irin na boko. Kowane almajiri yana da allonsa, yana kuma da inda ya tsaya a Alƙur'ani. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, na kusa da shi ya yi nisa cikin izu. Ƙarar karatu ita ce alamar aiki na tafiya, yaron da ya yi shiru shi ake tuhuma da wasa. Malam ba ya buƙatar kowa ya dube shi a lokaci ɗaya. Wanda ya iya allonsa ya matso ya biya, a ba shi izinin wankewa, a yi masa ƙari.

Abin da ke riƙe wannan tsari shi ne matakan da ke cikinsa: kolo, da titibiri, da gardi, har zuwa malam da alaramma da gwani. Gardi shi ne ɗalibin malanta na tsangaya. Shi ke rubuta wa ƙanana allo, shi ke biya musu, shi ke tsare su in malam ya tashi, sau da yawa kuma a hannunsa dorina take. Yakan shekara da shekaru yana wannan hidima a gaban idon malaminsa, ana kwaɓarsa in ya zarce, ana nuna masa in ya gaza, kafin ya kai ga kafa tasa makarantar. Ƙarfin wannan hanya shi ne tsawon lokaci da kusanci da gwani. Rauninta kuwa shi ne gardi kan gaji komai ɗungurungum, mai kyau da marar kyau, domin babu wurin da ake zama a tambaya ko wata dabara ta fi wata.

Makarantun talakawan Turai ma haka suke kafin ƙarni na 19. Malami kan zauna a kujerarsa, yara na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karanta masa, sauran kuma suna jiran layi da tsoron sanda. A Faransa ne, a ƙarshen ƙarni na 17, Jean-Baptiste de La Salle da mabiyansa suka yaɗa koyar da yara rukuni guda a tare, suka kuma buɗe wurin horon malamai a birnin Reims. Amma sai da masana'antu suka cika biranen Ingila da 'ya'yan leburori, aka rasa malaman da za su koyar da su da kuɗin biyansu, sannan tambayar ta zama ta gaggawa.

Zamanin monita

Mutum biyu ne suka kawo amsar farko. Andrew Bell limamin coci ne da ya riƙe wata makarantar marayu a Madras ta ƙasar Indiya. Ganin yadda yaran garin ke koyon haruffa ta hanyar zana su a kan yashi, sai ya sa wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya riƙa koya wa 'yan uwansa haka, ya kuma wallafa bayanin gwajin a 1797. Shekara guda bayan haka, wani saurayi ɗan shekara 20, Joseph Lancaster, ya buɗe makarantar 'ya'yan matalauta a unguwar Southwark ta Landan. Da yara suka yi masa yawa, ba shi kuma da abin ɗaukar mataimaka, sai ya karkasa su kashi-kashi, kusan goma-goma, ya ɗora wa kowane kashi babban yaro guda. Malami ya koya wa waɗannan manyan yara da safe, su kuma su juye wa na ƙasa da su. Lancaster ya yi ikirarin cewa da wannan tsari malami ɗaya zai iya tafiyar da makarantar yara 1,000.

A nan ne riƙe aji ya fara zama abin da ake rubutawa ana koya wa wani. Komai da umarninsa: yadda za a shigo, inda za a rataye hula, lokacin da za a ɗaga allo a nuna, lokacin da za a goge. Akwai monitan kiran suna, da na raba kayan rubutu, da na kula da tsari. Lancaster ba ya son duka, saboda haka ya maye gurbinsa da kunyatarwa: a rataya wa yaro gungumen icce a wuya, ko a ɗaure masa ƙafafu da mari na katako, ko a sa shi cikin kwando a ɗaga sama sauran yara na kallo. Masu ƙwazo kuma a ba su lambobi da 'yan kyaututtuka.

Tsarin ya yaɗu kamar wutar daji saboda arharsa, amma bai jima ba aibinsa ya bayyana. Yaro ɗan shekara 10 yana iya sa 'yan uwansa su maimaita abin da ya faɗa, amma ba ya iya yi musu bayani. Duk da haka ya bar gado mai tsawon rai. Monitan da ke tsaye gaban allo yana rubuta sunayen masu surutu a makarantun Kano ko Gusau jikan wancan tsari ne, ko da yake aikin koyarwar ya kuɓuce masa, saura na tsaro kaɗai.

Almajircin shekara biyar

Wanda ya gyara wannan ɓaraka shi ne James Kay-Shuttleworth, likita, kuma sakataren farko na kwamitin ilimi na gwamnatin Birtaniya. Ya buɗe kwalejin horon malamai a Battersea a 1840, sannan a 1846 ya fito da tsarin ɗalibi-malami. Akan zaɓi yaro ko yarinya mai hazaƙa ɗan shekara 13, a ƙulla masa yarjejeniyar koyon sana'a ta shekara biyar a hannun hedimasta, kamar yadda ake kai yaro wurin maƙeri ko maɗinki. Da rana yana koyarwa a gaban idon hedimastan, a wajen lokacin makaranta kuma hedimastan ya karantar da shi na sa'a ɗaya da rabi. Ana biyansa fam 10 a shekarar farko, abin yana ƙaruwa har zuwa fam 20 a ta ƙarshe. Kowace shekara sufeton gwamnati kan zo ya jarraba shi, har da kallon yadda yake koyarwa. Wanda ya yi fice ya samu tallafin shiga kwaleji.

A kwalejojin kuma aka raya wata al'ada mai zafi da ake iya kira darasin suka, wadda ake dangantawa da makarantar David Stow ta birnin Glasgow. Ɗalibi zai koyar da yara na gaske, abokan karatunsa da malamin dabarun koyarwa suna zaune suna rubutu. In yaran sun fita, sai a bi darasin daki-daki: inda ya tsaya, yadda ya yi amfani da muryarsa, wane yaro ya manta da shi a lungu, me ya sa hayaniya ta tashi lokacin da ya juya baya yana rubutu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowa kuma ya san gobe shi ne a gaba, saboda haka kallon kuskuren wani ya zama darasi ga kowa.

Wannan tsari, almajirci a makaranta da gogewa a kwaleji, shi ne 'yan mishan suka shigo da shi kudancin Nijeriya. Makarantar Hope Waddell ta Kalaba ta buɗe a 1895, Kwalejin St. Andrew ta Oyo kuma a 1896.

Nassarawa da Katsina

A Arewa, gwamnatin mulkin mallaka ce da kanta ta ɗauki aikin a masarautun Musulmi. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, kuma cikin waɗanda ya fara da su akwai malaman da aka aiko daga masarautu domin su koyi boko da lissafi da labarin ƙasa, su koma su koyar. Waɗannan mutane ne da suka riga suka san karatu da karantarwa a zaure. Sabon abin da aka ɗora musu shi ne ajin kansa: jadawali, da ƙararrawa, da baƙin allo, da rajista, da yara a jere suna kallon wuri ɗaya. Shirun da a makarantar allo alamar lalaci ne, a nan ya zama alamar ladabi.

Kwalejin Horon Malamai ta Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Makarantar kwana ce mai tsananin horo, karatun shekara biyar, ana ɗebo mata zaɓaɓɓun yara daga lardunan Arewa. Cikin malamanta akwai Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya kama aiki a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauci, inda daga baya ya zama hedimasta. Bayan kwalejin ta koma Kaduna a 1938, Aminu Kano ya fito daga cikinta, ya koyar a Bauci, daga bisani ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru. A ɓangaren Nijar, Faransawa kan tura zaɓaɓɓunsu makarantar William Ponty ta Senegal, inda Boubou Hama da Diori Hamani suka fito suka yi malanta kafin siyasa.

Waɗannan samari sun shiga aji suna da shekara 20 da 'yan kai, wasu ɗalibansu ba su fi su ƙanƙanta da yawa ba. Amma sun tarar da abubuwan da suka sauƙaƙa musu riƙo. Ɗaliban kaɗan ne, a Midil kuma a makaranta suke kwana, malami ya san kowa da sunansa da garinsu. Bayan malami akwai En'e, bayan En'e akwai sarki. Babbar matsalar makarantun elementare a wancan zamani ita ce samun yaran da tsare su, domin sau da yawa hakimai da dagatai ne ke ɗebo su ba da son iyayensu ba, wanda ya gudu kuma a bi shi a komo da shi. Ikon da malami ke da shi a aji, rabinsa aro ne daga hukuma, kuma wannan ya ɓoye tambayar ko ladabin da ake gani ƙwarewar malami ce ta kawo shi ko kwarjinin masu mulki.

Zamanin makarantun horon malamai

Daga shekarun 1930 zuwa bayan samun 'yancin kai, makarantun horon malamai sun yawaita a Arewa: Toro, Bauci, Katsina, Maru, Wudil, Bichi, da na mata a Sakkwato da Kano. Takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu ce ta zama ma'aunin cikakken malamin firamare. Yaron da ya gama firamare kan shiga ya shekara biyar, yana karatun darussan da zai koyar tare da dabarun koyar da su. Yawancin makarantun suna da firamaren gwaji a kusa. Ɗalibi zai fara da zama a bayan aji yana kallo, sannan a ba shi darasi guda, sannan a tura shi makaranta na makonni, a shekarar ƙarshe kuma a zo a jarraba shi yana koyarwa. Wanda ya faɗi a nan ba shi da cikakkiyar takarda, komai kyan sakamakonsa a rubuce.

Abubuwan da aka nace a kansu ƙanana ne a ido, amma su ne ƙashin bayan aikin: yadda ake rubutu a miƙe a kan allo ba tare da an daɗe da juya wa yara baya ba, yadda ake kiran suna, yadda ake raba littattafai layi-layi, yadda ake fitar da aji zuwa filin wasa a dawo da shi. Ba a rasa bulala a wannan zamani ba, kuma haddar da ba fahimta ta yi yawa. Sai dai wanda ya fito daga wannan horo ya riga ya tsaya gaban yara sau da dama kafin a damƙa masa nasa ajin.

Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 aka kafa manyan kwalejojin horon malamai, ciki har da ta Zariya a 1962, aka ƙirƙiro takardar NCE. Tun asali an tsara ta ne domin samar da malaman ƙananan azuzuwan sakandare da na makarantun horon malamai, mutanen da suka ƙware a darasi ɗaya ko biyu. Wannan bambanci ya zo ya yi tasiri daga baya.

Ambaliyar 1976

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shelanta tun 1974. An yi tanadin yara kusan miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. A Arewa, inda makarantun boko suke da ƙaranci tun farko, ƙauyukan da ba su taɓa ganin baƙin allo ba suka wayi gari da firamare, wasu a ƙarƙashin bishiya.

Domin samar da malamai aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa: shekara ɗaya ga wanda ya ci jarrabawar gama sakandare, shekara biyu ga wanda bai ci ba, shekara biyar ga mai takardar firamare. Duk da haka ba su isa ba, aka ɗebi mutane da yawa da ba su da horo ko kaɗan aka ba su alli. A 1976 ɗin aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin ɗaga darajar waɗanda ke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa.

Shirin ya buɗe wa miliyoyin 'ya'yan talakawa ƙofar da da a rufe take, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Arewa na yau ta nan suka bi. Amma ya yanke igiyar da ta haɗa sabon malami da tsoho. A makarantar da hedimasta kaɗai ke da horo, ko shi ma sabon shiga ne, babu gwanin da za a zauna a bayan ajinsa a kalla. Ajin ya ninka, horon ya gajarce, kwarjinin En'e kuma ya riga ya tafi da sauye-sauyen mulkin ƙananan hukumomi. Abin da ya rage a hannun sabon malami shi ne abin da ya tuna an yi masa yana yaro.

Daga baya Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga malanta. Aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, a 1989, da hukumar rajistar malamai, TRCN, a 1993. Makarantun horon malamai na da aka rufe su ko aka mayar da su sakandare. Matakin karatun malami ya ɗaga, amma shekarun da yake yi yana gogayya da ajin firamare kafin ya fara aiki sun ragu.

Abin da kyamara ta gani

A daidai waɗannan shekaru, masu bincike a Amurka suna ƙoƙarin gano abin da gwanayen malamai ke yi wanda su kansu ba sa iya bayyanawa. Jacob Kounin na Jami'ar Wayne State ya shiga batun ne bayan ya tsawata wa wani ɗalibinsa da ke karanta jarida ana tsakiyar lacca, ya lura cewa dukan ajin ya sha jinin jikinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ya shekara da shekaru yana neman irin tsawatarwar da ta fi tasiri, har ya kai ga ɗaukar hotunan bidiyo na azuzuwan firamare. Sakamakon da ya wallafa a 1970 ya saɓa wa abin da ya zata. Malaman da ajinsu ke natse da waɗanda nasu ke hargitse ba su bambanta sosai ba a yadda suke hukunta mai laifi. Bambancin yana cikin abin da suke yi kafin laifin ya auku.

Gwanin malami a ankare yake da duk abin da ke gudana, kuma yaran sun san haka, domin yakan kira sunan wanda ya fara ɓarna, ba wanda ya biye masa ba, tun abin bai yaɗu ba. Yana iya haɗa aiki biyu, yana duba littafin wani yana kuma dakatar da wani da kallo. Ba ya barin darasi ya yi sanyi tsakanin wannan aiki da na gaba, domin a wannan giɓin ne hayaniya ke tsirowa. Yakan jefa tambaya ga kowa, ya ɗan dakata, sannan ya ambaci wanda zai amsa, don kada sauran su saki jiki. Duk wanda ya taɓa ganin alaramma yana sauraron mai biya a gabansa, ya kuma gyara wa wani yaro can gefe wasalin da ya karya ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ga abin da Kounin ya kwatanta.

Wasu binciken sun cike hoton. A 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka ƙirƙiro taƙaitacciyar koyarwa: ɗalibi ya koyar da yara kaɗan na 'yan mintuna, yana gwada dabara ɗaya tak, a ɗauke shi a bidiyo, a tattauna, ya sake. Darasin suka ne na da, aka rage masa girma da zafi. A 1969 Frances Fuller ta nuna cewa sabon malami kan fara ne da damuwa da kansa, ko yara za su raina shi, ko mai dubawa zai yaba, sai daga baya hankalinsa ke komawa kan ko yaran suna fahimta. A 1975 Dan Lortie ya ƙiyasta cewa kafin mutum ya gama sakandare ya yi kusan sa'a 13,000 yana kallon malamai, saboda haka yakan shiga kwaleji da hoton malanta da ya riga ya kafu a zuciyarsa. A 1980 kuma Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson, a jihar Texas, suka nuna cewa malaman da ajinsu ke tafiya daidai duk shekara su ne waɗanda suka ɓata makonnin farko suna koya wa yara ƙa'idoji da tsarin aiki, kamar yadda ake koyar da kowane darasi.

In aka haɗa waɗannan, za a gane dalilin da ya sa ɗan TP da aka koya wa illar duka a lacca yakan koma ga bulala da kamun kunne da tsallen kwaɗo cikin mako biyu. Yana matakin tsoron raini, an jefa shi ajin da wani ya riga ya saba wa nasa hali, yaran sun san baƙo ne mai tafiya, kuma abin da ya fi sani game da malanta shi ne gwale-gwalen da aka yi masa.

Inda aka kwana

A tsarin NCE na yanzu ɗalibi kan yi darasin taƙaitacciyar koyarwa, sannan ya fita koyarwar gwaji na zango guda. A takarda, tsarin ya tattaro darussan tarihi. A aikace, sau da yawa taƙaitacciyar koyarwar akan yi ta ne a gaban abokan karatu, manya masu kwaikwayon yara, waɗanda ba za su yi kuka ko faɗa kan fensir ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali a makarantun gwamnati na manyan biranen Arewa ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin haka ko fiye. Malamin aji, wanda shi ya kamata ya zama jagora, yakan ɗauki zuwan 'yan TP a matsayin hutu, ya miƙa alli ya fice. Malamin kwaleji mai zuwa dubawa yana da ɗalibai da yawa a garuruwa daban-daban, ziyararsa 'yar kaɗan ce, kuma abin da ya fi sauƙin ba wa maki shi ne littafin tsara darasi.

Wasu ƙasashen sun koma ga tsohon darasi ta sabuwar hanya. Tun 1992 Ingila ta wajabta wa mai neman takardar malantar sakandare bayan digiri ya yi mako 24 cikin 36 a makaranta, a hannun malamin da aka ɗora wa alhakin jagorantarsa. Gana ta daɗe tana tura ɗaliban kwalejojinta su yi shekararsu ta uku a makarantu, sannan a 2018 ta koma digirin shekara huɗu wanda ɗalibi ke fara zuwa makaranta tun shekarar farko.

Daga tsangaya zuwa Battersea, daga Katsina zuwa Stanford, duk inda aka yi nasarar koya wa sabon malami riƙe aji, akan tarar da abu uku: ya daɗe yana kallon gwani kafin a sakar masa, an fara ba shi kaɗan sannan aka ƙara, kuma akwai wanda ke zaune yana kallonsa ya faɗa masa gaskiya bayan yara sun fita. Rage cunkoson aji yana buƙatar kuɗi da gine-gine da shekaru. Amma zaɓar gogaggun malamai a kowace makaranta, a horar da su kan jagoranci, a ba su ɗan alawus, a kuma sa rahotonsu cikin makin ɗalibi, abu ne da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da kwalejin ilimi za su iya ƙullawa cikin zango guda. Haka nan hedimasta ko mai makaranta mai zaman kanta yana da ikon hana a bar ɗan TP shi kaɗai a makonninsa na farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaran da ke zaune a ajin gwaji ba su da wata shekarar da za a mayar musu in wannan ta salwanta.